Gwajin Turjiyar Tokar Kwal

Gwajin turjiyar tokar kwal awo ne da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje don a san ƙarfin da tokar da hayaƙin kwal ke kwasowa take da shi wajen hana lantarki ratsa ta. Da sakamakonsa injiniyoyi ke yanke girman matatar ƙura mai lantarki, na'urar da Ba'amurke Frederick Cottrell ya ƙera a 1907. A cikinta wayoyi ne ke ɗora wa ƙura caji, farantan ƙarfe su jawo ta, a riƙa bubbuga su tana zubewa ƙasa.

Da ohm-santimita ake auna turjiya, kuma matata ta fi aiki a tsakanin miliyan 100 da biliyan 10. In turjiyar ta yi ƙasa sosai, toka na saurin sakin cajinta, ta sake bin hayaƙi. In ta haura biliyan 100, nan ne babbar matsala: toka ta liƙe wa faranti, caji ya taru a kanta har ya fara tartsatsi daga ciki, ya warware cajin ƙurar da ke shigowa. Dole a ƙara yawan farantai, kuɗin aiki ya hau.

Ana shimfiɗa toka mai kaurin milimita 5 a wani ɗan kwanon ƙarfe, a ɗora mata faifai, a sa a tanda, a ba ta wutar lantarki ana karanta abin da ya ratsa. Ana ɗaga zafi har wajen digiri 450 na ma'aunin Celsius, sannan a sauke shi. Ƙa'ida mai lamba 548 ta IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, ce ta tsara wannan.

Turjiya takan kai ƙololuwa tsakanin digiri 150 da 200. Ƙasa da haka, danshin da ya lulluɓe ƙwayoyin toka ke bai wa lantarki hanya. Sama da haka, sinadarin sodiyam da ke cikinsu ne ke ba shi hanya. Shi ya sa ake haɗa iskar tanda da tururi gwargwadon na hayaƙin gaske. Mai gwaji a Zariya da ya dogara da iskar ɗaki zai ga lamba ɗaya a busasshen hunturu, wata dabam a Agusta, kuma duka biyun ba abin gina matata a kai ba ne.

Abin mamaki, kwal mai ƙarancin farar wuta, wanda ya fi sauƙin illa ga iska, tokarsa ta fi turjiya, don haka ta fi wuyar kamu, har akan fesa wa hayaƙin iskar farar wuta kaɗan. Kwal ɗin Inugu, na Okaba da na Maiganga a Gombe, kowanne sai an gwada tokarsa dabam.