Haihuwa ta Tiyata da Karɓar Jariri a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Me ke sa likita ya ce sai an yi wa mai ciki aiki?

Akwai dalilan da ake ganowa tun a wajen awon ciki, kamar jaririn da ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya da ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko macen da aka taɓa yi wa aiki sau biyu ko fiye, ko wadda aka yi wa gyaran yoyon fitsari. Irin waɗannan akan sa musu rana, yawanci bayan ciki ya cika mako 39, domin huhun jariri ya gama ƙwari. Sauran dalilan kuwa a tsakiyar naƙuda suke tasowa: kan ɗa ya kasa wucewa ta ƙugu, ko bugun zuciyarsa ya nuna ya galabaita, ko cibiya ta riga shi fitowa, ko jini ya ɓalle, ko hawan jini ya kai uwa ga jijjiga.

Doguwar naƙuda tana cikin abubuwan da suka fi cin mata a yankinmu. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara, naman wurin yakan mutu ya huje, kuma daga nan ne yawancin matan da ake kwantarwa a cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina suka samo lalurarsu. Wani lokaci mahaifar ce ke fashewa gaba ɗaya, musamman idan an yi wa mace allurar ƙara naƙuda a gida ko a kemis ba tare da an duba yadda ɗan yake kwance ba.

Shin ba gaggawa likitoci ke yi ba, don neman kuɗi?

A wasu ƙasashe, irin su Brazil da Masar, fiye da rabin haihuwa ta tiyata ake yi, kuma a can ƙorafin yana da tushe. Matsalarmu akasin haka ce. Tun 1985 masana suka kimanta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na haihuwa ne ke buƙatar aiki, alhali binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kusan kashi 3 kacal ake yi wa, kuma a karkarar Arewa adadin bai ma kai haka ba. Ma'ana, akwai mata da yawa da suke buƙatar aikin amma ba sa samunsa, ko kuma sai a kawo su bayan an kwana biyu ana fama a ɗaki. Idan irin wannan ta rasu a asibiti sai a ɗora wa wuƙa laifi, a manta da sa'o'in da aka ɓata kafin a nemi mota. Iyali suna da damar tambayar likita dalilinsa, kuma idan aikin ba na gaggawa ba ne suna iya neman ra'ayin wani likitan. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauke mai naƙuda a koma gida da ita.

Yaya ake yin aikin, kuma mace tana jin zafi?

Galibi allurar kashe zafi ake yi a gadon baya, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa, saboda haka mace tana farke, tana jin taɓawa da ja amma ba ta jin zafin yanka, kuma takan ji kukan ɗanta na farko. Sai idan akwai matsananciyar gaggawa ko wata lalura ake sa ta barci gaba ɗaya. Ana saka mata robar fitsari da ƙarin ruwa, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a tsaga ƙasan mara a kwance. Cikin mintuna goma zuwa sha biyar an ciro jariri, ɗinki ne ke cin sauran lokacin, kuma duka aikin bai cika wuce awa ɗaya ba.

Tiyata ce babba, kuma ba a raina ta. Ana iya zubar da jini fiye da kima, ɗinki yana iya ruruwa, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, shi ya sa ma'aikatan jinya ke matsa wa mace ta tashi ta ɗan taka tun washegari.

Me ya kamata maigida ya tanada?

Abu na farko shi ne yardarsa tun kafin ranar. Mace baliga mai hankalinta ita ce ke da haƙƙin sa hannu a takardar amincewa, amma a aikace mata da yawa ba sa yarda sai da izinin miji, kuma an sha yin asarar rai ana jiran wanda ya tafi kasuwa ko ci-rani. Magidanci mai hangen nesa yakan faɗa wa matarsa da iyayensa tun ciki yana ƙarami cewa duk abin da likita ya ga ya dace a yi ko ba ya nan. Na biyu shi ne jini: a san rukunin jininta, a kuma shirya mutum biyu daga dangi da za su iya bayarwa. Na uku kuɗi da abin hawa. Jamhuriyar Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, kuma a Nuwamban 2024 ministan lafiya na Najeriya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da ke cikin shirin. Duk da haka, wanda ya san asibitocinmu ya san ba a zuwa da aljihu a bushe.

Mai jegon da aka yi wa aiki za ta yi wankan jego?

Nan ne aka fi samun saɓani tsakanin asibiti da tsofaffin gida. Akan sallami mace bayan kwana uku zuwa biyar, amma yankan yana ɗaukar kusan mako shida kafin ya haɗe sosai. A wannan tsakanin ba a fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya a kan ɗinki, ba a danna mata ciki da tsumma mai zafi, ba a ɗaure ta da zane tamau, ba a kuma shafa wa wurin man shanu ko wani haɗi. Fatar da ke gefen ɗinki takan yi makonni ba ta ji sosai, don haka tana iya ƙonewa mace ba ta sani ba. Wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu ya wadatar, a tsane wurin da tawul mai tsabta a bar shi a bushe.

Kunun kanwa ma yana buƙatar hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kanwa da zafin wanka da kwanciya a kan gado mai wuta, kuma macen da ta yi hawan jini ko jijjiga ya kamata ta bar kanwa gaba ɗaya. Sauran al'adun jego kuwa, a ganina, sun fi amfani ga wadda aka yi wa aiki fiye da kowa: zuwa wanka gidan iyaye, hutun kwana arba'in, farfesu da kunun gyaɗa, da samun wata babba da za ta ɗauke mata daka da wanki da jan ruwa. Abin da aka yarda ta ɗauka shi ne wanda bai fi jaririnta nauyi ba.

A mayar da ita asibiti nan take idan ta yi zazzaɓi, ko ɗinki ya kumbura yana fitar da ruwa ko wari, ko jini ya yawaita, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani.

Tana yin jinin biƙi?

Tana yi, domin daga gurbin mabiyiya yake fitowa, kuma hukuncinta na salla da azumi ɗaya ne da na kowace mai jego.

Yaya za a karɓi jaririn a kwanakin farko?

Huɗuba a kunne ba ta jiran sallama, uba ko kaka zai iya yi a asibiti. Idan uwa da ɗa suna lafiya, a ɗora shi a ƙirjinta a sa shi a nono cikin awa ta farko. Dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Ruwan nono yakan ɗan yi jinkiri bayan aiki, sai hankalin dangi ya tashi a fara ɗura wa jariri ruwa ko zuma ko madarar shanu, alhali yawan tsotso ne ke kawo nonon, zuma kuma tana da haɗari ga ɗan da bai shekara ba. Shayarwa a kishingiɗe, ko da matashi a kan cinya, tana hana ɗan danne ɗinki.

Kafin a bar asibiti a tabbatar an yi masa allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, an kuma ɗiga masa maganin shan-inna. Cibi ba ya buƙatar gashi ko man goge baki, maganin shafawa da asibiti ke bayarwa ya isa. Idan idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, asibiti za a koma ba wajen mai magani ba. Suna ranar bakwai yana nan, da yankan rago da aski, sai dai a bar wanzami ya yi askin da sabuwar reza ya kuma ƙyale belu. Taron mata kuwa ana iya rage shi ko a ɗage shi, domin wadda aka yi wa tiyata mako ɗaya da ya wuce ba ta da ƙarfin yini tana sauya kaya tana gaisawa da 'yan barka.

Wadda aka yi wa aiki sau ɗaya, shi ke nan ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba?

Ba haka ba ne. Idan yankan na kwance ne kuma dalilin farko bai maimaitu ba, kusan uku cikin huɗu na masu gwadawa suna haihuwa da kansu. Sharaɗin shi ne a ba da tazarar aƙalla wata 18 zuwa shekara biyu kafin wani cikin, a kuma yi naƙudar a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, saboda tabon mahaifa yana iya buɗewa ga kusan mace ɗaya cikin 200. Babu adadin aiki guda da aka ƙayyade wa kowa, amma haɗari yana ƙaruwa da kowane ƙari, musamman mannewar mabiyiya a kan tabo, don haka likitan da ya ga halin da mahaifar take ciki shi ne zai ba da shawara. A adana takardar sallama, a tafi da ita awon ciki na gaba.