Gyara Sabon Shafi a Burauza da Ekstenshan: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne sabon shafi, kuma me ya sa za a damu da shi?

Duk sanda ka danna Ctrl da T a kwamfuta, ko ka taɓa alamar ƙari da ke saman burauza, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, abin da ya fara bayyana shi ne sabon shafi. Mai aiki da kwamfuta yakan gan shi sau da yawa a yini fiye da kowane shafin intanet, amma yawancinmu mun bar shi yadda kamfani ya tsara mana. Burauzar Opera ce ta yi fice wajen cin moriyar wannan fili a 2007, lokacin da ta fito da Speed Dial, wato jerin shafukan da mutum ya zaɓa don saurin shiga. Sauran suka bi sahu.

To ita ekstenshan fa?

'Yar ƙaramar manhaja ce da ake maƙala wa burauza don ta ƙara mata aiki. Na Chrome suna a Chrome Web Store, wanda Google ya buɗe a 2010. Na Firefox suna a addons.mozilla.org. Burauzar Edge kuwa, tun 2020 da aka sake gina ta a kan Chromium, wato tushen da aka gina Chrome a kai, tana karɓar na Chrome. Ekstenshan ta sabon shafi kan gaya wa burauza cewa duk sanda aka buɗe sabon shafi, nata za a nuna. Shi ya sa guda ɗaya ce kaɗai ke aiki a lokaci guda. Ko uku ka saka, ɗaya za ka gani. Kuma a Chrome ba sa fitowa a tagar sirri ta Incognito.

Waɗanne ne aka fi sani?

Momentum na nuna hoton wani wuri mai kyau, da agogo, da gaisuwa da sunanka, sannan ta tambaye ka babban aikin da ka sa a gaba yau. Wasu abubuwan nata sai an biya. Toby kuma ta masu buɗe shafuka barkatai ce, tana tattara su rukuni-rukuni don kada su ɓace, kuma ɗalibi mai bincike zai ji daɗinta. Ni dai na fi karkata ga Tabliss da Bonjourr, domin kyauta ne, kuma lambobin da aka gina su da su a buɗe suke, duk wanda ya iya zai duba ya ga abin da suke yi a ɓoye. Akwai kuma masu nuna lokutan salla ko aya daga Alƙur'ani.

Dole ne sai da ekstenshan?

A'a. A ƙasan sabon shafin Chrome, ta hannun dama, akwai maɓallin "Customize Chrome" inda za ka canza launi, ka sa hotonka, ka zaɓi gajerun hanyoyi. Firefox da Edge ma suna da wurin saiti a shafin. Idan hoto da launi kawai kake so, wannan ya wadatar.

Suna cin data?

Wasu suna ci. Wadda ke canza hoto a kai a kai sai ta sauko da shi daga intanet, haka mai nuna yanayi ko labarai. Ga wanda ke jona kwamfuta da datar waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Tabliss za ka iya zaɓar launi zalla ko hoton da ke kwamfutarka. Masu Edge ma su duba, domin labaran MSN da ke cika shafin ana iya kashe su daga saiti.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma nan ne na fi so a tsaya a natsu. Sabon shafi ƙofa ce, wanda ya riƙe ta yana iya karkatar da kai inda ya ga dama. Shi ya sa masu mugun nufi suke son irin wannan ekstenshan. Sukan lulluɓe ta da hotunan 'yan ƙwallo, motoci ko taurarin fim, su sa akwatin bincike a tsakiya. Kai kana zaton Google kake tambaya, ashe abin da ka rubuta yana bi ta wani wuri ne da ke tara bayananka yana cusa maka talla.

Kafin ka amince a saka, burauza za ta nuna maka izinin da ekstenshan ɗin ke nema. Karanta shi, don Allah. Izinin canza sabon shafi daidai ne, shi ne aikinta. Amma idan mai nuna hoto kawai ta nemi karantawa da canza bayananka a dukkan shafukan da kake shiga, to me za ta yi da shafin bankinka ko imel ɗinka? Ka bar ta. Ka kuma duba wanda ya yi ta, da ranar da aka sabunta ta, da abin da masu ƙorafi suka rubuta, ba masu yabo kaɗai ba. Ekstenshan mai kyau ma takan sauya hali idan mai ita ya sayar wa wani, don haka in ta nemi sabon izini daga baya, kada ka danna amincewa ido rufe.

A waya fa?

Chrome na Android ba ya karɓar ekstenshan. Firefox na Android ya buɗe ƙofa ga ekstenshan da yawa a Disambar 2023, sai dai bai ba su damar maye gurbin sabon shafi ba. A waya, saitin burauzar kanta za ka yi amfani da shi.

Idan na ga sabon shafina ya canza ba da sanina ba?

Rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, ko edge://extensions, ko about:addons a Firefox. Duk wadda ba ka tuna ka saka ba, cire ta. Sannan ka shiga saiti ka tabbatar injin bincikenka ya koma wanda ka zaɓa. In abin ya ƙi, mayar da saitin burauzar yadda ya zo, ka kuma duba manhajojin da aka saka a kwamfutar kwanan nan, domin sau da yawa tare da wata manhajar kyauta abin ke shigowa.