Dokar wanka a kogin Sen: an buɗe wurare uku, sauran kogin na nan haramun

Ranar 5 ga Yulin 2025 hotuna suka cika intanet, mutanen birnin Faris na faɗawa kogin Sen suna iyo, kanun labarai kuma na cewa an ɗage haramcin da aka ƙaƙaba tun 1923. Wanda ya tsaya a kanun zai ɗauka yanzu kowa na iya tuɓe riga a gindin kowace gada ya shiga. Ba haka ba ne. Haramcin bai tafi ko'ina ba. Wurare uku kawai aka keɓe a 2025, Bercy da Bras Marie da Grenelle, a lokacin zafi kaɗai, su ma ba kullum ba.

A 1923 dalilai biyu suka sa hukuma ta hana wankan: jiragen ruwa da ke kai da kawo, da kuma ƙazantar ruwan. Na biyun ne ya gagari kowa. Magudanan Faris tun ƙarni na 19 aka gina su, kuma bututu ɗaya ne ke kwasar ruwan sama da ruwan bayan gida. Muddin ba a yi ruwa mai yawa ba, komai na wucewa matatar tsaftace ruwa. Da an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya sai bututun ya cika, a bar rarar ta malala kogi don kada ta dawo tituna da gidaje. Jacques Chirac, yana magajin gari, ya yi alkawari a 1988 cewa zai yi wanka a Sen. Har ya rasu a 2019 bai jiƙa ƙafa ba.

Shi ya sa da magajin gari Bertrand Delanoë ya ƙirƙiro shirin Paris Plages a 2002, bakin ruwa ne da ba a taɓa ruwan. A lokacin akan rufe titin motoci da ke gefen kogin na wasu makonni, a jibge yashi, a kafa laima da kujerun kishingiɗa, mutum ya kwanta yana kallon ruwan da doka ta hana shi shiga.

Mai da wannan titi lambun shaƙatawa na dindindin ma sai da aka je kotu. A 2016 majalisar birni ta amince a rufe wajen kilomita 3.3 na titin Georges Pompidou ga motoci. A Fabrairun 2018 kotu ta soke matakin, ta ce binciken da aka dogara da shi kan cunkoso da gurɓatar iska yana da giɓi. Magajiyar gari Anne Hidalgo ba ta buɗe titin ba. Ta fitar da sabon umarni da wata hujja dabam, wato kare gaɓar kogin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1991. Wannan karon kotu ta bar shi.

To, wa ke cewa ruwa ya isa a yi wanka a ciki? Ma'aunin na Tarayyar Turai ne, daga dokar ruwan wanka ta 2006. Ba ruwanta da ko ruwan kore ne ko ya yi kalar ƙasa. Ƙwayoyin cuta biyu take ƙirgawa, E. coli da enterokoki, waɗanda dukansu daga hanjin mutum ko dabba suke fitowa, ganinsu kuwa shaida ce kashi ya shiga ruwan. A koguna da tafkuna, mafi ƙarancin matakin da aka yarda da shi shi ne kada E. coli ta wuce 900 a mililita 100, enterokoki kuma 330. Mililita 100 bai cika rabin kofin shayi ba. Dokar ta raba ruwa aji huɗu, daga mai kyau ƙwarai zuwa marar kyau, kuma ba da gwajin rana ɗaya ake ba wuri aji ba, sai an tara sakamakon shekara huɗu. Wurin da ya jera shekara biyar a ajin ƙarshe, dole a hana wanka a can ko a gargaɗi jama'a su ƙaurace masa.

Don kaiwa ga wannan ma'auni aka kashe kusan yuro biliyan 1.4. Abin da ya fi jan ido shi ne ƙaton rumbun ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Austerlitz, faɗin mita 50, zurfin mita 30, mai cin ruwan wuraren iyo na Olamfik kamar 20. Aikinsa ya riƙe rarar magudanai har ruwa ya ɗauke, sannan a tura ta matata a hankali. Amma ni a ganina ɓangaren da ya fi nuna haƙorin doka shi ne wanda ya shafi mutum ɗaya ɗaya. Akwai masu zama cikin jiragen ruwa da aka mai da gidaje a gaɓar Sen, kuma a da bayan gidansu kai tsaye kogi yake zuwa. Dokar Maris 2018 ta shirya gasar Olamfik ta 2024 a Faris ta tilasta musu haɗa bututunsu da magudanar gari cikin shekara biyu da kai musu ita bakin gaɓa. A garuruwan da ke sama da Faris ma an bi dubban gidajen da aka haɗa wa bututu ba daidai ba.

Ga mai son shiga, ƙa'idojin ba su da wahalar ganewa. Shiga kyauta ne. Akwai adadin mutanen da kowane wuri ke ɗauka, akwai masu ceto a tsaye, kuma sai ka ɗaura wata robar iska mai igiya a ƙugu, tana binka a baya, don a riƙa ganinka, in ka gaji kuma ka rungume ta. A 2025 an taƙaita sa'o'in wanka a Bras Marie saboda jiragen 'yan yawon buɗe ido ta nan suke bi. Wanda ya shiga kogin a wajen wuraren da aka keɓe ya karya doka kamar yadda take tun 1923.

Sai tuta. Kowace safiya ake yanke hukunci: kore a shiga, ja a koma gida. Matsalar ita ce gwajin ƙwayar cuta a ɗakin bincike yakan ci kusan kwana guda, wato sakamakon da ke hannunka yau na ruwan jiya ne, wanda tuni ya gangara. Don haka ake haɗawa da duba yawan ruwan saman da aka yi da ƙarfin gudun kogin. Ko gasar Olamfik ba a ɗaga mata ƙafa ba: a ranar 30 ga Yulin 2024 an ɗage tseren maza mai haɗa iyo da keke da gudu da kwana ɗaya saboda ruwan bai ci gwaji ba, kwana 13 kacal bayan Hidalgo ta yi iyo a ciki gaban 'yan jarida. A 2025 ma, washegarin bikin buɗewa aka yi ruwa, aka rufe wuraren uku duka.