Shimfiɗar ma'aurata a cikin tanti (jihar Maraɗi)

Shimfiɗar tanti ita ce gado, tabarmi da kayan rufa da miji da mata ke kwana a kai a cikin tanti ko bukka. A jihar Maraɗi an fi saninta a arewa, wajejen Dakoro, Bermo da kwarin Tarka, inda Buzaye da Fulani makiyaya ke zama cuɗanye da Hausawa manoma. Yanayin ƙasa da lokacin shekara su ne suka fi yanke hukunci kan abin da za a shimfiɗa, laushi sai daga baya.

Tarihi

A al'adar Buzaye, tanti da gadon da ke cikinsa mallakar mace ne. Dangin amarya ke haɗa su, in aure ya mutu kuma da kayanta take tafiya. Gadon na harhaɗawa ne: ana jera ƙafafu na ice sassaƙaƙƙu, a gitta dogayen sanduna a kansu, sannan a yi ta ɗora tabarmi, mai kauri a ƙasa, mai santsi a sama. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, shi ya sa mace ke iya kwance shi da hantsi, ta ɗaure a bayan jaki, ta sake kafawa kafin magariba. Sau da yawa icen tumfafiya ake nema don sandunan, saboda ba shi da nauyi. Ana kewaye gadon da asabari don tare iska da rairayi.

Wurin Fulani Bororo ma gado na mace ne, kuma shi da jeren ƙorai su ne manyan kayan ɗakinta. Hausawa masu kwana a bukkar gona da damina gadon kara suka sani: karan dawa a ɗaure da igiya, a ɗora bisa ƴan gwafanni. Tabarmar sama ta kaba ce, wato ganyen ƙaramar goriba, wadda ta yi yawa a bakin Gulbin Kaba. Rufa kuwa gwado ne ko luru, saƙar hannu ta auduga, masu hali su ƙara da buzu na fatar rago a ƙarƙashi. Katifar da aka fara sani ta audugar rimi ce, wadda kan dunƙule in ta daɗe, sai an farke an sheƙe ta a rana.

Duk waɗannan gadaje sun yi tarayya a abu guda: suna ɗaga mai kwana daga ƙasa. Hakan na raba shi da kunama, tururuwa da danshin damina, ya kuma bar iska ta ratsa ta ƙasa a watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karya dabbobin makiyaya da yawa, wasu suka zauna gefen garuruwa. Ana kyautata zaton a tsakanin nan ne katifar soso da tamfol suka fara samun shiga. Ko sun kori gadon gargajiya ko sun hau kansa ne kawai, ra'ayi ya bambanta.

Zaɓi a yau

Akwai katifar soso mai wuri biyu, wadda faɗinta ya kai santimita 140. Tana da daɗin kwanciya amma tana riƙe zafi, kuma in ta sha ruwa sai ta wuni a rana. Siririya kan lotsa a tsakiya har mutum biyu su gangaro wuri ɗaya, don haka wasu kan gwammace ƙananan katifu biyu a haɗe, a rufe su da zanen gado ɗaya.

Katifar iska ba ta cika yin ƙarko a wannan ƙasa ba. Ƙaya ɗaya ko ƙarangiyar da ta biyo bakin zane ta isa ta huda ta, iskar ta sace kafin asuba, kuma in ɗaya ya juya sai ɗayan ya ji. Da hunturu iskar cikinta kan yi sanyi, sai an shimfiɗa bargo a kanta. A Disamba da Janairu sanyin da ke tasowa daga ƙasa ya fi na sama cutarwa, saboda haka abin da ke ƙarƙashin mutum ya fi abin rufarsa muhimmanci.

Da damina sange wajibi ne, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. Wanda ya yi wa mutum biyu kaɗan kan bar hannu ko gwiwa a jingine da raga, sauro ya ciza ta waje.

Ƴan gudun hijira

Tun 2019 wasu daga cikin mutanen da suka tsero daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi sun zauna a matsugunan tamfol, inda ƙungiyoyin agaji kan raba tabarmar roba, bargo da sange.