An busa usur, ƙwallo ta shiga kwando: yaushe ake ƙirga maki?

A filayen ƙwallon kwando na Jos, gardamar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce ta ƙwallon da ta shiga bayan alƙalin wasa ya busa usur, ko bayan ƙararrawa ta kaɗa. Nan take sai ka ji an ce alƙali ya ci kuɗi. Yawancin masu faɗin haka wasannin NBA, babbar gasar Amurka, suke kallo a talabijin, alhali wasanninmu, daga na makarantu har na ƙungiyoyi irin su Plateau Peaks, dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, suke bi, maza da mata, manya da yara. Dokokin biyu sun sha bamban a wurare da dama.

Zancen da ke yawo cewa usur na kashe komai ba gaskiya ba ne. Idan ƙwallo ta riga ta bar hannun mai jifa, tana sama, to ko usur aka busa, ko ƙararrawar ƙarshen zango ce ta kaɗa, ko ta sakan 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa a cikinsu, in ta shiga an ci. Abin dubawa ɗaya ne: lokacin da ƙarar ta tashi, ƙwallon tana hannu ko ta tafi? In ko yatsa ɗaya na taɓa ta, babu maki, sai dai in usur ɗin na keta ne da aka yi wa mai jifa. Idan kuma sakan 0.2 ko 0.1 ya rage sa'ad da za a jefo ƙwallo daga waje, ba a yarda a cafe sannan a jefa ba, sai dai a doke ta da hannu ko a danna ta kai tsaye cikin kwando. Cafewa da jifa na buƙatar aƙalla sakan 0.3.

Inda aka fi ruɗewa shi ne keta a kan mai jifa. Doka ta raba yunƙurin ɗan wasa da tafiyar ƙwallon. Yunƙuri na farawa tun da ɗan wasa ya soma ɗaga ƙwallo sama zuwa kwando. Ga mai kutsawa da gudu kuwa, yana farawa da zarar ya gama buga ƙwallo a ƙasa, ta zauna a hannunsa, ya shiga motsin jifa. Ba a ƙirga taku a nan, dokar ta ce babu alaƙa tsakanin yawan takun da aka halatta da yunƙurin jifa. Saboda haka in an make hannunsa a takun farko, ya daure ya ƙarasa motsin da ya faro ba tare da yankewa ba, ƙwallo ta shiga, maki na nan, kuma a ƙara masa jifan kyauta ɗaya. In ba ta shiga ba, jifa 2 ne, ko 3 idan daga bayan layin mita 6.75, wato layin maki uku, ya tashi. Wurin da ƙafarsa ta taka ƙarshe kafin ya yi tsalle ake dubawa; in ya taka layin, 2 ne.

Amma in ya ji usur ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya sake sabon yunƙuri, wannan cin ba a ƙirga shi. Haka kuma in an yi masa ketar sai ya miƙa wa abokin wasansa ƙwallon, doka ta daina ɗaukarsa mai jifa, ya rasa jifan kyautar, sai dai in abokan hamayya sun riga sun cika keta 4 a wannan zangon. Wannan hukunci akwai tsauri. Sau da yawa wanda aka riƙe wa hannu ba shi da yadda zai yi sai ya miƙa. To amma alƙali ba ya ganin zuciya, abin da hannu ya aikata yake gani.

Yunƙurin mai tsalle ba ya ƙarewa sai ƙafafunsa biyu sun dawo ƙasa. Wanda ya shiga ƙarƙashinsa bayan ƙwallo ta tafi, ya hana shi wurin sauka, mai jifa ya yi wa keta. Wannan kam daidai ne, domin a nan idon sawu ke gocewa, balle a filayen siminti. In kuma mai jifan ne ya banke wanda ya riga shi tsayawa, sai a duba: kafin ya saki ƙwallon ne, a soke cin, bayan ya saki ne, cin na nan, a rubuta masa laifinsa.

Ita ƙwallon, jifanta na ƙarewa idan ta shiga, ko ta taɓa zoben kwando, ko ta faɗi ƙasa, ko ta tabbata ba za ta shiga ba. Kafin nan, in tana sama da zobe gaba ɗayanta, tana gangarowa ko ta riga ta taɓa allon bayan kwando, mai tsaro ya taɓa ta, a ba masu jifa makinsu. Da ta taɓa zobe kuwa, kowa na iya share ta, ko tana rawa a bakin kwando. A NBA laifi ne, a dokar FIBA halas ne, shi ya sa ihun 'yan kallo a nan ba shi da tushe. Sai dai in usur ko ƙararrawar ƙarshen zango ta kaɗa tana sama: to ko ta taɓa zobe, ba mai sa mata hannu muddin tana iya shiga.

A manyan gasa akwai jar fitila a jikin allo da bidiyon da ake komawa a duba. Mu a nan galibi kunne da idon alƙali ne kawai, wani lokaci ma mai riƙe agogo da usur yake sanar da ƙarewar lokaci. Masu shirya gasa su tanadi ƙararrawa mai ƙarfi wadda ƙararta ta bambanta da usur ɗin alƙali, kuma su gwada ta kafin a fara wasa.