Tambayoyin da kuke ta jefo min kan hidima da bishara

Bakina ya gaji da maimaita abu ɗaya, ga su nan a dunƙule.

Ba aikin fasto ba ne shelar bishara?

A'a. Umarnin Matiyu 28:19, na a je a almajirtar da dukan al'ummai, almajirai aka ba, kuma Ayyukan Manzanni 4:13 ta ce Bitrus da Yohanna talakawa ne marasa zurfin karatu. Nemi wani uzurin.

Ni ban iya magana a gaban jama'a ba.

Wa ya ce ka hau bagade? Musa ma ya yi kukan nauyin baki a Fitowa 4:10. Kwantar da hankalinka, mutum ɗaya ya ishe ka farawa.

Hidima ce za ta cece ni?

Haba, har yanzu? Karanta Afisawa 2:8-10. Ceto ta wurin alheri ne, aikin kirki daga baya yake biyowa.

Ina taimakon wani mara lafiya wanda ba Kirista ba, in yi masa maganar Yesu ko in yi shiru?

To wannan kam ba ta da amsa ɗaya, ya danganta da mutumin da kuma tsakaninku. Ka duba, mutum yana kwance a gadon asibiti, ruwa na ɗiga a hannunsa, kai ke sayo magani, duk abin da ka faɗa zai gyaɗa kai ya ce to, kuma sau da yawa kunya ce da tsoron kada ka daina zuwa, ba wai ya ba da gaskiya ba. Yesu da kansa ya gaya wa taron nan a Yohanna 6:26 cewa don sun ci sun ƙoshi suke nemansa. Amma kuma kada in ba matsorata mafaka, akwai masu shekara goma suna "jiran lokacin da ya dace". Ni dai abin da nake yi, ban ce dole kowa ya bi ba, ina bari ya san ko ni wane ne tun farko, wani lokaci in tambaya ko zai yarda in yi masa addu'a. In ya ce a'a shikenan, gobe in dawo da maganin, fuskata a sake. In shi ya tambaya me ya sa nake wannan ɗawainiya, nan ne nake buɗe baki, da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar. Kutare 10 aka warkar a Luka 17, ɗaya ne ya dawo godiya, ba a karɓe warkarwar sauran ba.

Na daɗe ina yi, ba wanda ya tuba.

Kai ke juya zuciya? 1 Korintiyawa 3:6 ta ce Bulus ya shuka irin bishara, abokin hidimarsa Afolos ya yi ban ruwa, Allah ya sa ya girma. Daina ƙirge.

Shara da jera kujeru kawai aka ba ni a coci, ba raini ba ne?

Yohanna 13, Ubangijinka ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza. Ɗauki tsintsiya.