Masu son zuwa koyarwar sa kai a ƙasar waje, ga amsarku sau ɗaya

Dan Allah ku karanta wannan kafin ku sake tare ni a kasuwar Terminus ta Jos ko ku kira ni bayan isha'i, bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Ana biyan albashi?

A'a. Alawus ne na ci da wurin kwana. Shi ya sa ake ce masa sa kai.

Ta ina ake nema?

Akwai TAC, shirin Najeriya na tura ƙwararru 'yan sa kai ƙasashen waje, da gwamnatin Babangida ta kafa a 1987, ofishinsu na Abuja, suna tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara 2. Akwai ƙungiyar 'yan sa kai ta VSO ta Ingila tun 1958, akwai takwararta UNV ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya ce ka turo kuɗin fom a asusunsa na kansa ɗan damfara ne.

Daga can zan iya zarcewa Turai?

Malam in japa, wato tserewa waje, kake so ka fito fili ka faɗa. Kar ka mai da yaran mutane tsani.

Ban taɓa koyarwa ba amma ina jin Turanci sosai.

To sai me? Je ka riƙe aji ɗaya a firamaren unguwarku, irin wanda rabin yaran ke zaune a ƙasa allon ya kode alli ba ya kamawa, ka yi zango guda, sannan ka dawo mu yi magana.

Hutun wata ɗaya kawai gare ni, in je ko in haƙura?

Nan ne fa ba zan yanke maka hukunci ba, ya danganta. In aji za a ba ka ni dai ina ganin wata ɗaya ya yi kaɗan, kafin ka haddace sunayen yara ka gane inda malaminsu ya tsaya a manhaja lokacinka ya ƙare, ka tafi ka bar shi da gyaran abin da ka birkita, kuma yaran sun riga sun saba da kai. Amma in kai malamin lissafi ne ko kimiyya kuma Gambiya ko Ghana ko Saliyo ko Laberiya za ka, da ɗan sauƙi, tunda WAEC ɗaya muke yi da su, za ka iya taya 'yan ajin ƙarshe bita, shi ma sai in hedimasta ne ya nema ba kai ka cusa kanka ba. Ka fara tambayar kalandarsu tukuna, kar ka sauka ka tarar an yi hutu. In kuma gyaran benci ne ko rufin aji ko banɗaki, wallahi ka zauna ka yi lissafi, sau da yawa kuɗin jirginka zai biya kafinta da birkila na garin su yi aikin fiye da kai. Ban ce kar ka je ba. Na ce ka san me za ka je yi.

Biza fa?

Ƙasashen ECOWAS kwana 90 ba biza, amma na ziyara ne, zaman aiki sai da izini. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ka bincika kafin ka kama hanya.

Ni mace ce, Baba ya ce ba inda za ni.

Kwantar da hankalinki 'yar uwa, kar ki yi masa gardama. Kai masa takardar ƙungiyar, ya ga inda za ki kwana da lambar wanda ke kula da ku, in da hali ki tafi da kawunki ya taya ki bayani.